Rumanar Gwaggo Tani

Ku samarin da ke jiran fasinja da baburanku a bakin kasuwar Zuru, dab da inda nake baza sassaƙe a kan buhu, na ji abin da kuka ce ranar nan. Mai jar hular nan ne ya fara, wai ana kirana Bawa Mai Rumana alhali ko ƙwaya ɗaya babu a gabana. Na kusa da shi ya ce in ta ƙare in hau dutse in tono wata mana, ai albasar daji ce, wace wahala ke ciki. Ban tanka ba don bakina cike yake da goro. Na ce bari in koma gida in rubuta, ko da yake karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, inda malamin ya fi yaba mini wajen shara. Wanda ya iya a cikinku ya karanta wa saura.

Rumana, ga wanda bai san ta ba, tsiro ne da ke fitowa a gangaren duwatsu in ruwa ya sauka. Ganyenta dogo ne, a tsaye kamar takobi, kuma tana ƙarama ba ka raba ta da ciyawa ko tsiron gero. Sai damina ta yi tsakiya take fidda kara guda, furanni su jeru a gefe ɗaya, ja-ja da ruwan ɗorawa, kowanne ya sunkuyo kamar hular da aka turo gaban goshi. Amma mu ba fure muke bi ba. Maganin yana ƙasa. Kai ne kamar na ƙaramar albasa, sai dai cikinsa tauri gare shi kamar gwaza, da riga mai zare-zare a bayansa.

Ni ba da son raina na shiga sana'ar ba. A garinmu yaro in ya tasa soja yake zuwa, ni ma na je. Mai awo ya tsayar da ni jikin sanda, ya dubi sanda, ya dube ni, ya tambaya ko rakiyar yayana na zo. Na yi ɗage, ya gani, ya ce in sauko daga kan yatsuna in kama hanyar gida. Babana ya rasa yadda zai yi da ni, sai ya miƙa ni ga yayarsa, Gwaggo Tani, wadda mijinta ya mutu bai bar mata ɗa ba, tana zaune a gindin dutse da lofenta da tukwanen magani. Ta ƙare mini kallo ta ce aikin nata na durƙuso ne, tsawona ya isa.

Aikin farko da ta ba ni tono ne, bayan an kai dawa gida, ganye ya bushe. Ta hau da ni dutse ta wata hanya da awaki kaɗai ke bi, muka kewaya bayan wani falalen dutse, sai ga 'yar gona a kan dandamalin da magabata suka jera da duwatsu don kada ruwa ya kwashe ƙasa. Ni ban ga gona ba, ciyawa na gani har ƙugu. Ta ba ni sandar ƙirya da aka fiƙe bakinta, ta nuna mini busasshen karan rumana, ta ce in soka daga nesa da gindi, in ɗago ƙasar a hankali, sannan in sa yatsu. Tana juya baya na ɗauko kalme, fartanyar noma, don in nuna mata zamani. Sara ɗaya na raba kai biyu. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce in sa shi aljihu, kada in fitar sai ta ce. Kafin kasuwa ta zagayo ya ruɓe a jikina, har karnukan unguwa suka daina bina. Daga nan ban sake kai ƙarfe kusa da rumana ba.

In ka ɗago ta lafiya za ka ga tsohon kai a ƙasa ya yamushe, sabo a bisansa, ga 'ya'ya ƙanana kamar gujiya sun kewaye gindin. Sabon kai shi ne na magani. 'Ya'yan kuwa sai ka mayar da su ramin da barbaɗin toka saboda gara, ka rufe, ka kafa ɗan dutse. Ba za ka taɓa su ba sai sun ci damina bayan damina, har sun yi fure. Wanda ya kwashe duka a shekara ɗaya ya sayar da gonarsa ne bai sani ba. Sannan ga beguwa da ke tonowa, ga gafiya, ga birai da ke zama bisa dutse suna kallon inda ka binne, kana sauka su sauko. Na sha jan ƙaya a bayana ina hawan dutsen nan, na sha jifan birai, kuma ba na jin na taɓa samun ko ɗaya.

Dokar Gwaggo ta farko ita ce ba a nome gonar rumana. Ciyawa ke mata inuwa, saiwar ciyawa ke riƙe mata ƙasa, abin da ake cirewa kawai yaɗo ne mai hawa ganye, shi ma da hannu. Doka ta biyu ta fi ta farko: ba a faɗa wa kowa akwai gonar. Dalili shi ne mutanenmu ba su yarda da maganin da aka shuka ba. In ka ce a gona ka tono sai a ce ba shi da ƙarfi, maganin gaske sai na daji, inda ƙafar mutum ba ta kai. Don haka duk wanda na sani yana wannan sana'a gonarsa a ɓoye take, bakinsa kuma na cewa daga can ƙuryar daji ya fito. Ni ma haka na gada. In zan sauko da kaya sai in bi ta cikin ƙarangiya da gangan, in shafa ƙasa a fuska, in shigo gari ta hanyar Ribah ina ɗingishi, ina ba da labarin kurar da na gamu da ita. Kurar nan ta daɗe tana ciyar da ni. Gwaggo ta ce ita ma daga uwar mijinta ta karɓi irin da dokar, kuma har ta bar duniya ni kaɗai ta kai wurin.

Kayan aikin ba su da yawa. Sandar ƙirya, faifan shanya a inuwa, tukunyar toka ta ajiya, ƙwarya, da marfin gwangwani da aka huhhuda da ƙusa. A jikin marfin ake goga kan rumana a cikin ruwa, ya yi kumfa, a tace da tsumma. An fi nemanta don atuni, da cikin da ya ƙulle ya ƙi motsi. Awon ba zan rubuta shi nan ba, don na san ku, gobe sai in ji wani ya buɗe shago. Ya isa in gaya muku ni na taɓa gwada ƙarfinta a kaina lokacin da nake ganin Gwaggo rowa take da awo. Ranar kasuwar Mahuta ce, kuma ban ga kasuwar ba, bayan wata sabara na wuni, mutane na wucewa suna mini sannu. Rumana tana gyara ciki, tana kuma iya kwashe mutum. Mai ciki ba a ba ta, jariri ba a ba shi. Yaron da zawo ya janye wa idanu kuwa, tun zamanin da asibiti ke da nisa Gwaggo can take tura uwarsa, ni ma haka, da ruwan gishiri da sukari a hannu.

Wani aiki da nake yawan tunawa na Jauro Buba ne, Bafillatani mai rugga ta wajen Sakaba. Ya same ni a kasuwa ya ce maruƙansa na zawo, sun fara kwanciya. Muka tafi a bayan wata motar itace. Na tarar da su a ɗaure ƙarƙashin wata ɗorawa, bayansu duk ya ɓaci, ƙuda sun rufe. Na goga, na tace, na zuba a kwalba mai dogon wuya. Jauro ya kama haɓar maraƙi ya ɗaga, ni kuma na sa kwalbar ta gefen baki, inda ba haƙori, ina zubawa kaɗan-kaɗan ina shafa maƙoshi don kada ya bi ta hanyar numfashi. Maraƙin ƙarshe ya take mini ƙafa, ya zauna a kai yana kallona. Ba duka suka tashi ba, ba zan yi ƙarya ba, amma mafi yawa sun tashi. Tun daga nan duk shekara sai Jauro ya zo da man shanu a ƙwarya, ya karɓi nasa, ya tambaye ni lafiyar kurata. Ina jin shi ya gane, bai dai faɗa ba.

To, ku da kuke cewa a hau dutse a tono wata. Da can akwai ta. Gefen gonaki, bakin rafi, tsakanin duwatsu, in damina ta yi tsakiya sai ka ga ja-ja ko'ina. Sai maganin feshi ya shigo, kowa ya goya famfo a baya, ya fesa gonarsa ya fesa gefenta har hanyar wucewa. Shekara ta bi shekara, ta daji ta ɓace ba wanda ya lura, don ba wanda ke kallonta sai mu. Na wayi gari abin da nake ƙarya cewa daga daji nake samowa ya ƙare a dajin, saura na bayan falalen dutse kaɗai, don ni kaɗai na rage mai shuka ta. Duk wanda ke neman rumana daga nan har Mahuta wurina yake zuwa.

A nan maganar golmo ta shigo. Ku yaran yanzu wasunku sun ji sunan ne kawai. A al'adarmu saurayi ba ya samun mata sai ya yi wa uban yarinya noma, shi da tsaransa, damina bayan damina. Ni na yi wa uban matata Asabe har bayana ya kusa zama baka, kuma tsohon bai taɓa cewa sannu ba sai ranar biki. Da ɗiyata Rifkatu ta kawo maganar wani kofur na soja mai suna Ishaya, yaron kirki, golmo ta riga ta zama labari, an fi kawo kaya a akwati. Amma dattawan gidansu masu riƙon al'ada ne. Suka ce ba za a ce ɗansu ya ɗauki mata daga gidan manomi bai taɓa ƙasar gidan ba. Ishaya yana can bakin aiki ba a ba shi hutu ba, sai yayansa Bulus ya tara samarin unguwarsu don su yi a madadinsa.

Abin alfahari a golmo shi ne a zo ba sanarwa, a gama kafin mai gona ya ankara. Suka zaɓi ranar da na tafi kasuwar Ribah. Farkon damina ne, rumana ta fito ta yi tsawon hannu, ba ta kai ga fure ba. Suka nome gonar dawa, suka nome ta gyaɗa, rana ba ta ko take ba. Bulus ya tambayi Asabe ko akwai wata. Ita kuwa ta san akwai inda nake hawa ni kaɗai bayan falalen dutse, ta taɓa hangen ciyawar daga nesa, ta ɗauka gona ce da gwiwata ta sa na saki. Ta nuna musu da hannu.

Na sauko daga babur na tarar da ƙofar gidana cike, ana kiɗa, ga kawun Ishaya zaune kan kujerata, tsoho mai ido kamar na shaho, wanda aka turo don ya ga yadda zan karɓi aikin. Bulus ya zo ya durƙusa, gumi na zuba.

"Baba, mun gama. Har wadda ke bayan dutse, wadda ciyawa ta fi ƙarfinka."

"Wadda ke bayan dutse?"

"Ita. Kalme ba ta shiga tsakanin duwatsun nan, sai muka yi mata feshi. Har maimaitawa muka yi, Baba. Ba abin da zai sake ɗaga kai a wurin."

Ga abin da na sani a lokacin. Maganin feshi ta ganye yake shiga, ya gangara a hankali zuwa saiwa. In na ɗauki lauje nan take na hau na yanke ganyen daga gindi, wataƙila in tari gubar kafin ta sauka. Ga kuma abin da kowa a wurin ya sani. Uban yarinya da ya ɗauki kayan aiki ya nufi gonar da 'yan golmo suka gama, a gabansu, ya ce aikinsu bai yi ba ke nan, kuma wanda ya ƙi aiki ya ƙi auren. Ba a gyara wannan da baki. Rifkatu na tsaye bakin ɗakin girki da ludayi a hannu, kawun Ishaya ya zuba mini ido bai ko ƙifta ba. Asabe ta matso ta tambaye ni a hankali mi ya faru da fuskata. Na ce rana ce, ta kawo wa baƙi abinci.

Na miƙe na sa musu albarka ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake yi. Na yaba gonar dawa, na yaba ta gyaɗa, na yaba ta bayan dutse. Aka ci tuwo, aka sha abin da aka sha, aka sa ni rawa, na taka. Ba su tashi ba sai da rana ta faɗi, kuma a zamanin nan ba mai hankalin da ke hawan dutse da duhu.

Gari na wayewa na hau da lauje. Ganyen na nan kore shar, kamar ba abin da ya same shi, har na fara cewa ko famfon nasu ruwa ya fi yawa. Na yanke duka daga gindi, na kwashe na zubar nesa. Sai jira. Ciyawa ta fara yin rawaya, sannan ta kwanta, wurin ya zama kamar an yi gobara ba hayaƙi. Na sa sandar ƙirya na ɗago kai ɗaya, yatsana ya nutse a ciki, wari kamar na rogon da ya kwana a ruwa. Na bi rami-rami, duk haka. 'Ya'yan da suka yi saura da tauri na tsince su, na wanke, na ajiye a toka, damina ta zagayo na shuka a bayan gida. Kaɗan suka leƙo da ganye fari-fari a murɗe, suka tsaya iya tsawon yatsa, suka koma.

Dole na gaya wa Asabe, don masu neman magani na ta zuwa suna komawa hannu wofi. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce ita duk zatonta burkutu nake zuwa sha a ɓoye don kada fasto ya ji. Sannan ta ce wato duk ƙarangiyar da ta yi shekaru tana cire mini daga wando, daga bayan gidanmu take. Na ce daga nan take. Ranar ban ga nama a miyata ba.

Abin da mata ta ji ɗiya ta ji, abin da ɗiya ta ji miji ya ji. Bayan biki da wata 'yar tazara Ishaya ya zo hutu, ya shigo da kwali a kafaɗa, ya ajiye a gabana ya durƙusa. Ya ce ya bi masu sayar da furanni a birnin da yake aiki, ya kwatanta musu ganye da fure, har ya dace. Mai sayarwa ma ya ce wannan ta fi tawa girma. Na buɗe, ga kawuna manya-manya, masu santsi, irin na ƙasar waje. Da ya fita gaishe da dangi na ɗauki ɗaya na goga a ruwa na lasa. Rumanar gaske in ta taɓa harshe sai ka ji maƙoshi na ƙaiƙayi kamar ka haɗiyi ƙaiƙayin gero. Wannan kuwa lami, kamar ɗanyen dankali. Na yi masa godiya, na shuka su a ƙofar gida, don kyautar suruki ba a zubar da ita. Suna nan suna fure, fari da ruwan hoda, matan coci na zuwa yanka ranar Asabar. Ban taɓa ba wani mara lafiya ba.

Jauro Buba, zuwansa na ƙarshe, ya ce mini ya san wani dutse can gaba da Dirin Daji inda ya taɓa ganin irin tamu. Na tambaye shi ko zai raka ni. Ya ce shi kansa ya kwashe ruggarsa daga wajen, dajin ba ya shiguwa yanzu, wanda ya shiga ba rumana zai tarar ba. Wannan ita ce amsarku, ku masu cewa a tono wata.

Gonar bayan dutse kuwa, Bulus ne ya zo da kansa ya roƙi in ba shi ya riƙa shuka wake. Na ba shi, don gwiwata ta daina hawa. Bai taɓa yi mini maganar abin da ya faru ba, ni ma ban yi masa ba. Amma famfo bai sake hawa dutsen nan ba, da hannu yake cire ciyawa. Kuma duk shekara in ruwan farko ya sauka ba ya shuka nan da nan kamar kowa. Sai ya bari tsiro ya fito, ya hau, ya bi dandamalin da rarrafe yana buɗe ciyawa, ko 'ya ɗaya ta yi saura a ƙarƙashin wani dutse. Wani lokaci ya sauko da ganye a hannu ya nuna mini, in duba in ce masa ciyawa ce.

Bana ma ya hau. Ya sauko da hantsi, gwiwoyin wandonsa duk laka, ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba, ya girgiza kai. Na ce masa ya je ya shuka wakensa kafin ƙasa ta bushe.